Ranar da Ƙadangare Ya Kasa Sauka

Sana'ata sayar da fenti ce, kuma duk mai fentin da ke yankinmu sai ya bi ta ƙofar shagona kafin ya hau bango. A cikinsu babu wanda na daɗe da sani kamar Ƙadangare. Magina ne suka laƙaba masa sunan tun yana saurayi, don in ya manne a jikin bene sai ka rantse akwai gam a tafin hannunsa. Ɗan siriri ne, mai yawan barkwanci, gashin hannunsa kullum da ɗigon farin fenti. Matarsa ta ce tun haihuwarsu ta biyu ta haƙura da ganin farcensa fes. 'Ya'yansa Kawu suke kirana, duk da ba mu haɗa jini ba.

Da wani abokinsa suke aiki, wanda ake kira Dogo. Dogo ne mai rola da doguwar sanda, shi ke cinye faɗin bango. Ƙadangare kuma shi ke bin lunguna da buroshi, bakin rufi da saman taga da duk inda wani zai ce ba ya hawuwa. Dogo kan ce shi Allah ya hutar da shi sayen tsani. Ƙadangare ya ce ai tsawon ne ya shanye masa ƙwaƙwalwa. Haka suke tun kafin dukansu su yi furfura.

Da daminar bara suna fentin wani bene, a tsaye kan katakon da ake shimfiɗawa bisa ƙarafan da magina ke haɗawa a jikin gini. An yi yayyafi da safe, katakon bai bushe ba. Dogo ya ja da baya zai tsoma rola, ƙafarsa ta zame. Suna kan katako ɗaya da Ƙadangare. Dogo bai mutu ba, amma bayansa ya taɓu, ƙafafunsa ba su ƙara ɗaukarsa ba.

Ba a yi mako ba Ƙadangare ya koma aiki, kowa ya ce namijin duniya ne. Ni dai na lura da wasu abubuwa. Fentin cikin ɗaki ya koma saye, na waje ya daina tambaya. In babbar mota ta sauke kaya a ƙofar shago, ƙarfe ya bugi ƙasa, sai in ga ya zabura ya dafe kanta. Sau ɗaya ya je duba Dogo a asibiti. Daga nan sai dai ya aiki matarsa da saƙon gaisuwa.

Babbar 'yarsa tana aure a wani gari, tana aikin ofis. Da uwarta ta gaya mata baba ba ya barci, ga ramewa, sai ta zo hutu ta karɓi wayarsa ta yi masa rajista da wani kamfanin likitoci. Ita ke biya duk wata. In ka danna wani koren maɓalli, likita zai ɗauka, ku yi magana ko ma ku ga juna. Kowace safiya kuma ana turo ɗan darasi na murya kan kiwon lafiya, yau gishiri, gobe barci, jibi hawan jini. Ta sa lambarta a matsayin wadda za a nema in wani abu ya faru.

Ƙadangare ya sa wa abin suna likitan aljihu. Yana yi masa dariya, amma darasi bai taɓa wuce shi ba. Zai cusa iyafis a kunne yana shafa fenti yana saurare. Abin da 'yarsa ba ta yi zato ba shi ne darussan sun ƙara masa tsoro. Ranar da aka yi bayanin ciwon zuciya, ya shigo shagona fuskarsa a daskare, ya jawo hannuna ya ɗora a ƙirjinsa.

"Mai shago, ji nan. Haka taka take yi?"

"Bugawa take yi, ai aikinta ke nan."

"Duk abin da matar da ke darasin ta lissafa ina da shi. Nauyin ƙirji, gumi, numfashi sama-sama."

"To ka danna maɓallin mana. Ba don haka aka saka maka ba?"

Ya mayar da wayar aljihu. "In na kira su, sai sun gano wani abu."

Wata da watanni bai danna ba. Ya daina cin gishiri har matarsa ta ce girki ya zame mata azaba. In yana zaune sai ka ga yatsunsa biyu a wuyansa yana laluben jijiya.

Sai wani ɗan kwangila da suka daɗe suna hulɗa ya neme shi, ya kusa gama gina bene mai hawa huɗu, yana so a fara fentin waje. Ƙadangare ya yi ta kawo uzuri har uzuri ya ƙare. Ya ce min, "In aka ji Ƙadangare na tsoron sama, sai in koma fentin me? Kejin kaji?" Ya karɓi aikin.

Ranar da abin ya faru ni na kai musu kaya da kaina a ƙaramar mota, da hantsi. Leburori na sauke bokitai, injin kwaɓa siminti na ruri, wani na yankan tayil ƙura na tashi. Na ɗaga kai na hango shi can a hawa na ƙarshe, zaune a kan katako, ya rungume ƙarfe. Na ɗauka hutawa yake, har na ɗaga masa hannu. Bai ɗago ba.

Wayata ta yi ƙara, na ga 'yarsa ce.

"Kawu, kana ina?"

"Ga ni a wurin aikin babanki. Lafiya?"

"Daga wurin likitocin nan aka kira ni. Baba yana sama, ya kasa motsi. Yana kan layi da likita yanzu. Ta ce kada kowa ya yi masa ihu, kada kowa ya hau ƙarafan nan, girgiza za su yi. A bi ta cikin gini a je tagar da ta fi kusa da shi. Kawu, don Allah ka yi sauri."

Na ƙara ɗaga kai. Sai a lokacin na ga bokitinsa a kife, fenti ruwan toka na zuba yana bin jikin bango. Na kamo wani birkila, ƙato mai sanyin hali, na raɗa masa abin da ake ciki. Muka bi matakala da gudu, matakalar da ko abin dafawa ba a sa mata ba tukuna. A hawa na uku numfashina ya ƙare, na dafa bango. Abin da nake ta hangowa shi ne mu isa tagar mu tarar babu kowa a kan katakon.

Abin da ya faru a saman, daga baya ya ba ni labari. Yana cikin gyara bakin rufi wani lebura a ƙasa ya saki faifan ƙarfe. Da ƙarar ta daki kunnensa sai ya ji ginin ya karkata. Ƙirjinsa ya ɗaure kamar an zagaya shi da waya an murɗe. Yatsunsa suka mutu, buroshi ya suɓuce, ƙafarsa ta ture bokiti. Ya zube ya cafki ƙarfe. Ya buɗe baki zai kira wani, murya ta ƙi fita. Ya ce a ransa, to, ga ciwon zuciyar nan ya zo, kuma in ya suma gangarawa zai yi.

Iyafis ɗin na kunnensa, wayar na aljihun gaban rigarsa. Ya ce sakin ƙarfen da hannu ɗaya ya fi masa duk wani hawa da ya taɓa yi wuya. Da ƙyar ya zaro wayar rabi, ya danna koren maɓallin da babban yatsa, ya mayar da hannun.

Wata mace ta ɗauka, ta gaishe shi, ta ce ita likita ce, me ke damunsa.

"Mutuwa zan yi," ya ce. "Zuciyata ce. Ina saman bene."

"Cikin bene ko waje, Baba?"

"Waje. A kan katako."

Ya ce ya ji tana magana da wani a gefe. Da ta dawo muryarta ba ta canza ba.

"A zaune kake ko a tsaye?"

"A zaune."

"Ka kyauta. Akwai igiya a ƙugunka?"

"Babu."

"To ka zura hannunka a bayan ƙarfen har gwiwar hannu, ka riƙe rigarka da shi. Ko yatsunka sun gaji, gwiwar hannun za ta riƙe ka. Ka yi? Yanzu ka juyar da fuskarka ga bango. Me kake gani?"

"Bango."

"Wane launi?"

"Ruwan toka."

"Kai ka shafa?"

"Ni ne."

"To idonka ya zauna a kansa. An kira 'yarka, za ta turo mutane. Ni kuma ina nan, ba zan ajiye ba."

Ta tambaye shi ko ciwon na tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi, ya ce a'a, amma yatsunsa da leɓensa kamar ana tsira masa allura. Ta tambayi ko ya taɓa jin irin haka. Ya ce ƙanana-ƙanana, tun da abokinsa ya faɗo. Ta ce masa ba za ta yi masa ƙarya ba, daga inda take ba ta iya ganin zuciyarsa, dole in ya sauka a kai shi asibiti a auna. Amma abin da yake faɗa ya fi kama da tsoro mai tsanani da ke kama jiki gaba ɗaya, kuma irinsa yakan kai ƙololuwa ya sauko da kansa. Ta ce numfashin da yake ja da sauri shi ke kashe masa yatsu. Ta sa shi ya riƙa shaƙa ta hanci, ya fitar ta baki a hankali kamar mai hura shayi mai zafi. Ita ma tana yi, yana jin hucinta a kunnensa.

"Likita, in na suma fa?"

"Gwiwar hannunka na bayan ƙarfe. Fitar da iskar, Baba. A hankali."

Da muka isa tagar, ba a sa mata gilashi ba, rami ne kawai. Na leƙa na gan shi, tsakaninmu bai fi tsawon mutum biyu ba. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, leɓensa ya yi fari, idonsa a kafe kan bango. Katakon na rawa saboda rawar da jikinsa ke yi. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kamar ta wani tsoho da ban sani ba. Na leƙa ƙasa sau ɗaya, na ga ƙarafan rodi a tsaitsaye da tarin bulo, ban ƙara ba.

"Ƙadangare," na ce a hankali. "Ni ne. Ga mu a taga, hannun damanka."

Bai juyo ba. Ya ce, "Likita, sun zo." Ya saurara, sannan ya ce, "Wai ku jefo igiya."

Birkilan ya kwance igiyar da suke jan bokiti da ita, ya ɗaura bakinta ɗaya a ginshiƙin cikin ɗaki, ya cilla ɗayan a hankali ya sauka kan cinyarsa. Da hannu ɗaya ya zagaya ta a ƙirjinsa. Ƙullin ya kwance, ya sake, ya kuma kwancewa. Mutumin da ya ƙulla igiya a saman gine-ginen da ba su ƙirguwa, ranar sai da birkila ya riƙa gaya masa inda zai zura baki.

Sauran aikin shi ne ya saki ƙarfen, a nan kuma muka daɗe. A ƙasa an kashe injin, ma'aikata sun taru sun ɗaga kai, wurin ya yi tsit. Ɗan kwangila na ta safa da marwa da hannu a ka. Ina jin Ƙadangare yana cewa, "Ba zan iya ba, Likita. Wallahi ba zan iya ba." Ya tsaya yana saurare. Ya ce min daga baya cewa ta yi ba ta nemi ya tashi tsaye ba, da mazaunai zai ja jiki, tafin hannu ɗaya kawai, sannan ya huta.

Haka ya taho, yana jan jiki yana tsayawa, fenti na shafe masa wando. Da ya zo tsakiya, inda babu ƙarfe kusa, katakon ya ɗan lotsa ya yi ƙara. Ya sandare. Ni ma na daina numfashi. Birkilan ya miƙa rabin jikinsa waje, ni na riƙe masa bel ta baya da hannu biyu. Ya ce, "Yaya, saura kaɗan. Miƙo min hannu kawai." Da yatsunsu suka haɗu, ya damƙi wuyan hannunsa ya fizgo shi ciki, mu uku muka zube a kan yashi.

Ya kwanta rigingine yana kallon silin, hawaye na gangara cikin kunnensa. Ya ciro iyafis ɗaya ya miƙo min. Likitar ta tambayi ko ni wane ne, na gaya mata. Ta ce kada in bar shi ya ce ya warke, in sa shi a mota yanzu zuwa asibiti mafi kusa, za ta turo bayanin da zan nuna musu. Muka sauko da shi a tsakaninmu, yana bin bango, bai yarda ya kalli ma'aikatan ba.

A asibiti suka manna masa wayoyi a ƙirji, suka ɗebi jini, suka ce mu jira. Matarsa ta iso da takalmi wari da wari. Ta zauna a gefen gadon ta kama ƙafarsa ta riƙe. Shi kuma duk ma'aikaciyar da ta gifta sai ya bi fuskarta da kallo, yana neman labarin mutuwarsa. Da yamma likitan wurin ya ce zuciyarsa lafiya lau, jininsa ne ya ɗan hau, za a ba shi magani.

Na ɗauka murna zai yi. A mota ya ce, "Da ma zuciyar ce."

Matarsa ta juyo. "Baban yara, wace irin magana ce wannan?"

"Mai ciwon zuciya ana tausaya masa. Ni me za a ce? Ƙato da furfura, tsoro ya kama shi a gaban leburori."

Kwanaki bai fito ba. Ya ce ko baranda ya leƙa sai ya ji abin na tasowa, har ya koma tsoron tsoron kansa. Likitar ta sake kiransa, ta haɗa shi da wani ma'aikacinsu da ya ƙware kan irin wannan. Suna magana ta bidiyo mako-mako. Gidansu ɗaki biyu ne da yara, don haka a bayan shagona yake zuwa ya zauna kan durom, tsakanin katan-katan, ya jingina wayar da gwangwani. Ba na saurare, amma bangon langa-langa ne. Na ji ranar da ya faɗi abin da bai taɓa gaya wa kowa ba, cewa lokacin da Dogo ya zame ya miƙo masa hannu, shi kuma ƙarfe ya cafka. Mutumin ya tambaye shi, da ya kama hannun, a kan jiƙaƙƙen katako, mutum mai nauyin Dogo, me yake ganin zai faru. Na fita ƙofar shago na ba su wuri.

Ma'aikacin ne ya ce masa ya daina laluben jijiyar wuya, ya kuma sa aka canza masa darussan safe, aka cire na cututtuka aka bar na numfashi da barci da motsa jiki. Ya ba shi aikin hawa tsani a tsakar gida, mataki kaɗan, ya tsaya har bugun ƙirjin ya lafa da kansa kafin ya sauko. Matarsa ke riƙe tsanin. Ta ce min ranar farko, a mataki na uku, gumi ya riƙa ɗiga daga haɓarsa yana sauka a hannunta.

Zuwa wurin Dogo ni na raka shi. Sau biyu muna kaiwa bakin layin yana cewa mu koma. A karo na uku muka tarar da Dogo a keken guragu a ƙofar gida yana gyara wa maƙwabta fanka, sana'ar da ya koma ke nan. Ya daɗe yana kallon Ƙadangare.

"An ce ta taga aka shigo da kai kamar ɓarawo."

"Haka aka yi."

"Ni da na faɗo ban yi kuka ba, kai da ba ka faɗo ba an ce har da majina."

Ƙadangare ya durƙusa a gaban keken ya kifa kansa a gwiwar Dogo. Dogo ya ɗora masa hannu a ƙeya, ya dube ni ya ce in shiga ciki in ce a kawo kujeru.

Bai koma hawa na huɗu ba, kuma ban ga alamar zai koma ba. 'Yan kwangila sun samu matasa masu hawa, wasu ma sun daina ɗaukar wayarsa. Yana yin cikin ɗaki da shaguna, wani lokaci hawa na ɗaya in akwai igiya. Abin yakan taso masa har yanzu. Ya taɓa kama shi a cikin motar haya, ya sauka tun ba a kai ba ya zauna a bakin kwalbati har ya wuce. Ya ce bambancin kawai yanzu ya san zai wuce, amma duk sanda ya zo sai ya ji kamar wannan karon ne na gaske.

Kwanan baya allon shagona ya koɗe, na ce ya zo ya sabunta min. Ya kafa tsani, na riƙe masa. Yana kaiwa tsakiya ya tsaya. Na ji tsanin na kaɗawa a hannuna, na ji yana fitar da iska ta baki a hankali. Na sunkuyar da kai kamar ina duba wani abu a ƙasa. Masu wucewa na wucewa, wani mai babur ya tsaya tambayar hanya na yi masa nuni da haɓa. Can na ji ya ƙara taku ɗaya, ya ƙara wani, sai ƙarar buroshi a kan allo.

Da ya gama ya sauko ya zauna a dakalin shago, bayan rigarsa a jiƙe. Na miƙa masa ruwa ya shanye. Ya ce mako mai zuwa ya samu aiki a wata makarantar firamare, azuzuwa da katanga, in ware masa shuɗi da fari, zai turo a ɗauka.